Dutsen Moroko da ake zaton ya bar duniya ya sake dawowa

A watan Oktoban 1962 wani dutse mai nauyin kusan kilo 18 ya faɗo daga sama kusa da ƙauyen Zagami, a jihar Katsina ta yanzu. Daga baya bincike ya nuna cewa ɓallin duniyar Mars ne: wani ƙaton dutse ya daki Mars, ya watsa ɓarɓashinta cikin sararin samaniya, ɗaya daga ciki ya iso nan.

To idan dutse zai iya barin Mars, me zai hana ya bar tamu duniyar, ya yi yawo, sannan ya dawo?

Wannan tambaya ce masanin kimiyya ɗan Faransa Jérôme Gattacceca ya taso da ita a wani taron masana a birnin Lyon a watan Yulin 2023, kan wani dutse mai nauyin giram 646 da aka tsinta a hamadar Sahara ta Moroko, aka laƙaba masa suna NWA 13188.

Cikinsa dai ɗan gida ne. Sinadaransa sun yi daidai da na duwatsun da tsaunuka masu aman wuta ke fitarwa a nan duniya. Amma bayansa na da ƙonanniyar fata, irin wadda dutse ke samu idan ya keto iskar da ke kewaye da duniya da tsananin gudu.

Fata kaɗai ba hujja ba ce, domin duwatsun sama kuɗi ne a kasuwa, kuma ana iya ƙona dutse a yi na jabu. Abin da ya fi ƙarfi shi ne wasu sinadarai da aka gano a jikinsa, waɗanda ke samuwa idan dutse ya daɗe yana shan hasken sararin samaniya. Yawansu ya zarce na dutsen da bai taɓa barin ƙasa ba, kuma ya nuna zaman da zai iya kai shekara 10,000 a can sama.

Matsalar ita ce yadda ya fita. Kafin abu ya kuɓuce wa ƙarfin jan duniya, sai ya yi gudun kilomita 11.2 a daƙiƙa ɗaya. Aman wuta ba ya kai wa nan: na Tonga a 2022, duk da girmansa, tokarsa ba ta wuce kilomita 60 ba. Saura karo da ƙaton dutse, wanda dole ya bar wawakeken rami, kuma ba a gano ramin da ya dace da shekarun ba. Shi ya sa masana da dama ba su gamsu ba tukuna, kuma suna da gaskiyarsu.

Akwai wani misalin a Wata. Cikin dutsen da 'yan sama jannatin Apollo 14 suka kawo a 1971, mai kusan kilo 9, masu bincike sun ce a 2019 sun ga ɗan guntu mai kama da dutsen duniya na shekara biliyan 4 da suka wuce. Shi ma ana jayayya a kansa.

Wannan ne ma ya fi jan hankalin masana. Ruwa, iska da motsin ƙasa sun shafe kusan duk duwatsun farkon duniya, lokacin da rayuwa ke somawa. A Wata babu ruwan sama, babu iska, saboda haka guntun duniya da ya faɗa can tun wancan zamani zai iya kasancewa yana kwance har yau.