Injin Matsa Ƙarfe a Gareji: Yadda Ake Gano Matsalarsa

Injin matsa ƙarfe mai aiki da mai, wanda makanikai ke kira fires, shi ake cire boris da bushin da shi, a kuma miƙe ƙarfen da ya lanƙwashe. A garejojin Ƙaura Namoda, Shinkafi da Zurmi, yawancinsa haɗin gida ne: mai walda ya ƙera firam, a ɗora jak na tan 10 ko 20. Makaniken ƙauye irin Sakajiki kuwa sai ya ɗauko aikinsa zuwa gari, don haka tsayawar injin ɗaya kan tsayar da mutane da yawa.

Tushen aikinsa dokar da Bafaranshe Blaise Pascal ya bayyana ce a ƙarni na 17, wadda Joseph Bramah ya gina injin a kanta a Ingila a 1795. Mai ba ya matsuwa, duk ƙarfin da aka danna masa yakan isa ko'ina daidai. Idan faɗin fuskar babban fistin na jak ya ninka na ƙaramin sau 100, dannin kilo 100 zai ba da tan 10. Saboda haka kusan kowace matsala tana komawa ga man: ya ragu, ya sha iska, ya yi datti, ko yana zurarewa.

Idan ana buga hannun jak amma fistin bai motsa ba, ko ya tsaya a rabin hanya, a fara duba ko bawul ɗin sakewa ya rufu sosai, sannan a mai da fistin ciki a duba yawan mai. Idan hannun ya yi laushi, fistin yana tafiya da tsalle-tsalle, iska ce ta shiga. Sai a buɗe bawul, a buga hannu sau da dama, a cire murfin zuba mai iskar ta fita.

Matsalar da ta fi wahala ita ce injin ya kama kaya sannan ya riƙa saki a hankali, alhali ba a ga yoyo a waje ba. Man yana komawa baya ne ta ciki. Ko dai robar fistin ta cinye, ko ɗan ƙwallon ƙarfen da ke tare hanyar mai bai zauna daram ba. Ƙwayar yashi guda ta isa ta hana shi zama, kuma a ƙasar da ƙurar hunturu ke shiga ko'ina, wannan ne ya kamata a fara zargi. Wanke ƙwallon da mazauninsa da sauya mai sun fi sayen sabon jak sauƙi nesa ba kusa ba.

Babban kuskure shi ne zuba man birki, domin yana kumbura roba ya lalata ta. Man haidirolik mai lamba 32 ko 46 ake so.

Kada a lalubi yoyo da hannu injin yana ɗauke da kaya: man da ya fita ta ƙaramar kafa yana iya huda fata, kuma raunin yana buƙatar asibiti nan take. Kada a taɓa bawul ɗin da ke kare injin daga kaya fiye da ƙima, kada kuma a musanya fil ɗin da ke riƙe teburin injin da guntun rodi. A sauke kaya gaba ɗaya kafin a kwance ko da noti guda.