Bizar Likitan Ƙafa: Gaskiya Da Ƙaryar Da Ke Cikin Saƙon Da Ake Yaɗawa

Wani saƙo ya karaɗe zaurukan WhatsApp na 'yan uwa da na tsofaffin ɗalibai, musamman na ma'aikatan lafiya. Saƙon na cewa Birtaniya da Ostireliya na neman likitocin ƙafa ruwa a jallo, wai kwas na wata shida ya isa mutum ya zama ɗaya daga cikinsu, ba a buƙatar jarrabawar Turanci, kuma akwai ejan da zai samo maka takardar ɗaukar nauyi idan ka biya wasu miliyoyin naira. A ƙarshe aka rubuta cewa guraben sun kusa cika. Masu tura shi ko karanta shi ba sa gamawa suke ƙara gaba, wasu har da addu'ar Allah Ya sa a dace. Addu'a aba ce mai kyau, amma wanda ya jefa ɗan uwansa hannun ɗan damfara da yatsarsa yana da nasa alhakin.

Mu fara da abin da yake gaskiya, domin da shi aka yi tarkon. Likitan ƙafa sana'a ce mai zaman kanta a waɗancan ƙasashe. Shi ne ke duba gyambon masu ciwon suga kafin ya kai ga yanke ƙafa, ya yi aikin farcen da ya shige nama, ya gyara matsalar taku da ciwon diddige. Hukumar lafiya ta Birtaniya, NHS, tana fama da ƙarancinsu, kuma sana'ar na cikin waɗanda ake ba wa bizar ma'aikatan lafiya da aka ɓullo da ita a 2020. Ita ma Ostireliya ta sa ta cikin jerin sana'o'in da take karɓar baƙi a kansu. Iyakar gaskiyar saƙon ke nan.

Batun kwas na wata shida ba ya buƙatar dogon bayani. A Ingila digiri ne na shekara uku, a Sikotilan huɗu. A Amurka kuwa sai ka gama digirin farko, ka yi shekara huɗu a makarantar likitancin ƙafa, sannan ka ƙara uku na horo a asibiti. Akwai gajerun kwasa-kwasai na yanke farce da kankare kanta, amma mai irin wannan takarda ba likitan ƙafa ba ne, kamar yadda wanzami bai zama likitan tiyata ba don yana riƙe da aska. A Birtaniya ma laifi ne mutum ya kira kansa da sunan sana'ar alhali ba shi da rajista da hukumar HCPC, wadda ke kula da ita.

Cewa ba a buƙatar Turanci shi ma ƙarya ne: HCPC na neman maki 7 a IELTS, ba tare da wani ɓangare ya gaza 6.5 ba, ko makamancin hakan a wata jarrabawar da ta amince da ita. Ita ma Ostireliya ba kowa take karɓa ba: bizarta ta ƙwararru mai tsarin maki ana nema ne kafin a cika shekara 45, da maki aƙalla 65, kuma ba a taɓa majiyyaci sai da rajistar hukumar likitocin ƙafa ta ƙasar.

Yanzu sai babbar magana, wadda ta sa na ɗauki alƙalami: sayen takardar ɗaukar nauyi, wadda aka fi sani da CoS. A nan ne ake sayar da gona, a jinginar da gida, uwa ta cire gwal ɗinta ta bayar.

Wannan takarda ba haja ba ce. Ba ma takarda ba ce da za a miƙa maka a ambulan. Lamba ce da ke cikin kwamfutar ma'aikatar harkokin cikin gida ta Birtaniya, kuma mai fitar da ita shi ne asibiti ko kamfanin da ya ɗauke ka aiki, wanda ke da lasisin ɗaukar baƙi. Tsarin a jere yake: ka yi karatun, HCPC ta auna karatunka da nasu ta yi maka rajista, ka nemi aikin da aka tallata, a yi maka intabiyu, a ɗauke ka, sannan a ba ka lambar, ka nemi biza da ita. Duk wanda ya ce zai ba ka ta ƙarshen ba tare da na farkon ba, to ɗayan biyu ne. Ko dai lambar ta bogi ce, ko kuwa ta gaske ce amma babu aikin da ke bayanta. Ƙa'idar gwamnatin Birtaniya ma ta hana mai ɗaukar aiki ɗora wa ma'aikaci kuɗin wannan takarda. Ke nan da zarar an ce ka biya kuɗin CoS, zance ya ƙare.

Ba hasashe nake yi ba, an riga an ga irinsa a fannin kula da tsofaffi. Gwamnatin Birtaniya da kanta ta bayyana cewa tsakanin Yulin 2022 da Disambar 2024 ta soke lasisin kamfanoni sama da 470 a wannan fanni, abin da ya shafi ma'aikata sama da 39,000. A 2025 binciken BBC ya nuna yadda ejan-ejan ke sayar wa 'yan Nijeriya guraben aikin da babu su. Mutane sun sauka a can da bashi a wuya, babu aiki, babu kuɗin haya, ga kunyar kiran gida. A watan Yulin 2025 aka rufe ɗauko masu kula da tsofaffi daga waje gaba ɗaya. Ganina shi ne, da aka toshe waccan ƙofa sai masu wannan harka suka shiga neman sabon suna da mutane ba su sani ba, kuma likitan ƙafa ya dace da buƙatarsu tunda a asibitocinmu likitocin ƙashi da na tiyata da ma'aikatan jinya ne suka saba ɗaukar wannan aiki. Wannan fahimtata ce. Abin da yake tabbas shi ne, wanda aka kama da takardar bogi a neman biza na iya fuskantar haramcin shiga Birtaniya har na shekara goma, ko da ejan ne ya haɗa masa ita.

Akwai kuma abin da saƙon ya ɓoye. Nijeriya da Nijar da Gana da Kamaru da Chadi da Sudan duk suna cikin ƙasashe 55 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa a 2023 a matsayin masu ƙarancin ma'aikatan lafiya. Saboda haka ƙa'idar Birtaniya ta hana asibitocinta da ejan-ejan su zo farautar ma'aikata a cikinsu. Mutum na da damar neman aiki da kansa kai tsaye, wannan ba a hana ba. Amma ejan da ke tallata guraben NHS a Kano ko Maraɗi ya riga ya saɓa ƙa'idar da yake iƙirarin yana aiki a ƙarƙashinta.

Ba na ganin laifin waɗanda suka gaskata. Ma'aikaciyar jinyar da ta shekara goma tana wanke gyambon masu ciwon suga, albashinta ba ya kai ta ƙarshen wata, dole zuciyarta ta buga in ta ji ana neman masu irin aikinta. Gwanintarta ta gaske ce. Sai dai hanyarta ta fita, in tana so, ita ce rajistar hukumar ma'aikatan jinya ta Birtaniya, NMC, ba sunan wata sana'ar da ba ta karanta ba. Haka mai gashin ƙashi yana da tasa rajistar a HCPC. Wanda kuma likitancin ƙafar yake so da gaske, to ya nemi gurbin karatun digiri, ya san cewa shekaru ne da kuɗi mai yawa. Kwaɗayi mabuɗin wahala ne, amma a nan da gumin talaka aka fi ci, kuma shi ya sa abin ya fi ciwo.

Kafin ka biya ko sisi, duba sunan kamfanin a jerin masu lasisin ɗaukar baƙi da gwamnatin Birtaniya ke wallafawa kyauta a shafinta na intanet, sannan ka tuntuɓi kamfanin da kanka ta adireshinsa na hukuma, domin 'yan damfara na aron sunayen kamfanonin gaske. Idan saƙon nan ya iso wayarka, kada ka tura shi gaba. Idan kuma ka riga ka tura, koma zauren ka faɗa musu cewa ba a sayar da CoS, tun kafin wani ya sa hannu a takardar cinikin gonarsa.