Tumatir: Asalinsa da Ire-irensa

'Yan'uwa manoma, da yake miya ba ta cika sai da tumatir, wani zai zaci tun kaka da kakanni muke da shi. Ba haka ba ne. Baƙo ne, daga ƙetaren teku ya fito.

Asalinsa tsiron daji ne a ƙasashen Peru da Ekwado, cikin Amurka ta Kudu, 'ya'yansa kuwa ba su fi na magarya girma ba. A ƙasar Meziko aka mai da shi amfanin gona sosai. Mutanen can, watau Aztek, suna ce da shi tomatl, daga nan kuma sunan ya bi duniya har ya iso bakinmu. Bayan da Turawan Sifen suka ci Meziko da yaƙi a 1521, sai suka kai irin ƙasarsu. A 1544 wani likitan Italiya mai suna Mattioli ya rubuta bayaninsa. Turawa da yawa sun daɗe suna shuka shi don ado kawai, gama suna tsoron dafi ne.

Tsoron nan yana da dalili. Tumatir dangin zaƙami ne da taba. Haka kuma ɗan'uwan gauta ne, da barkono, da attarugu, da dankalin Turawa. Ku riƙe wannan, domin 'yan gida ɗaya cutarsu ɗaya. Fangalin da ya ɗauki barkono bara, kada a dasa masa tumatir bana. A sa albasa ko masara tukuna.

To, ire-irensa fa? Wani irin yakan yi ta yaɗo, yana fure yana 'ya'ya wata da watanni, sai an kafa masa sanda. Wani kuwa gajere ne, yakan tsaya da girma ya zuba 'ya'yansa kusan gaba ɗaya. Wannan na biyun shi ne na lambunanmu na rani.

Roma, mai dogayen 'ya'ya, an fito da shi a Amurka a 1955. In kun ga an rubuta VF a jikin gwangwanin iri, ana nufin yana jure cututtuka biyu na cikin ƙasa masu sa tsiro ya yi yaushi ya mutu. UC82B, wanda 'yan kasuwa ke kira UTC, daga Jami'ar Kalifoniya ya fito. Don girbi da inji aka yi shi, shi ya sa yake da tauri da kaurin fata. Taurin nan ne ke kai kwando daga Kadawa har Ikko bai zama ruwa ba. Na gida mai tsaga-tsaga ya fi ruwa da tsami, mata suna sonsa, amma ba ya tafiya mai nisa. Kasuwar kusa ce tasa, ko a yanka a shanya.

Ga inda kuɗin jam'iyya ke salwanta. Irin da aka rubuta wa F1 haɗin aure ne na iri biyu. Yakan ba da amfani ƙwarai, amma in kun ɗebi ƙwayarsa kun shuka baɗi, 'ya'yan ba za su bi uwar ba: wani babba, wani ƙarami, wani ba ya ko nuna tare da sauran. Kowace shekara sai an sayi sabo. Roma da UC82B kuwa ana iya ajiye irinsu, in an zaɓa daga tsiro mai lafiya.

Tsutsar nan mai haƙa ganye, Tuta absoluta, wadda ta cinye gonakin Kaduna da Kano a 2016, ita ma daga Amurka ta Kudu ta fito, ta shiga Sifen a 2006. VF ba ya tare ta. Saboda haka kafin ma'aji ya fitar da kuɗin iri, sai jam'iyya ta zauna da malamin gona, a karanta abin da ke jikin gwangwani, a kuma duba ranar da irin zai lalace.