Tankin ruwa a lokacin kaka: mu gyara shi tun kafin noman rani

Damana ta ja jiki, kaka ta shigo. Gero ya shiga rumbu, wake da gyaɗa suna tafe. Nan da ɗan lokaci hankalin manoma zai koma lambu.

Tun bayan farin shekarar 1984, lokacin da gwamnatin Seyni Kunce ta ƙarfafa wa jama'a yin noman rani, lambuna suka yawaita a ƙasar Nijar, daga Galmi da Ƙonni har Jiratawa da Mirya. Tankunan siminti na tara ruwa su ma sai suka yawaita. Akwai su bakin rijiyoyin lambu. Akwai su cikin gidaje, a garuruwan da famfo ke yawan ɗaukewa. Akwai kuma waɗanda magina suka yi don buga bulo, suka gama aiki suka bari.

Tanki abu ne mai amfani ƙwarai. Amma duk damana ba mai waiwayarsa, domin kowa yana gona. Ruwan sama ya taru ciki, ya daɗe, ya yi kore. Tankin da aka bari haka yana kawo cuta cikin gida, yana ɓarnar ruwa, yana iya cin ran yaro. Lokacin kaka shi ne lokacin gyara shi.

Me ke cikin ruwan da ya daɗe?

Da farko akwai dauɗa. Bayan ɗaukewar ruwa kuka tana zubar da ganye. Mata suna sussuka da shiƙa, iska tana kwashe ƙaiƙayi. Daga baya hunturu ya zo da ƙura. Duk wannan yana faɗawa cikin tankin da ba shi da murfi, ya nutse, ya ruɓe. Ruɓaɓɓen ganye abinci ne ga gansakuka. In ta samu wannan abinci da hasken rana, sai ta yaɗu, ruwa ya yi kore, bango ya yi santsi.

Na biyu akwai sauro, kuma shi ne babban abokin gaba. Macen sauro mai kawo masassara tana zuba ƙwai 50 zuwa 200 a kan ruwa a lokaci guda. Cikin kwana 2 ko 3 ƙwan ya ƙyanƙyashe, ƴan tsutsotsi su fito. Cikin kwana 7 zuwa 14 tsutsa ta zama sauro mai fiffike, ya tashi ya nemi jini.

Mun san masassarar cizon sauro ta fi tsanani daga watan Agusta zuwa Oktoba. Da kaka ƙananan kududdufai suna ƙafewa, ya kamata sauro ya ragu. To, amma in akwai tanki cike da ruwa a bayan ɗaki, sauro ya samu mafaka. Da hannunmu muka ƙara masa kwana.

Kowa yana iya gani da idonsa. A samu farin kwano, a ɗebi ruwan saman tanki a hankali, a duba cikin haske. In an ga ƴan tsutsotsi suna wutsil-wutsil, ƴaƴan sauro ne. Waɗanda ke kwance a miƙe daf da saman ruwa, su ne irin masu kawo masassara. Waɗanda ke rataye kai ƙasa, wasu irin sauro ne dabam.

Cikin waɗannan akwai wani baƙin sauro mai ɗigon fari a ƙafafu, wanda ke cizo da rana. Shi ke kawo shawara da zazzaɓin denge, cutar da ta yi ɓarna mai yawa a Burkina Faso a shekarar 2023. Wannan sauro yana liƙa ƙwansa a jikin bangon tanki. Ƙwan yana iya yin watanni a bushe bai mutu ba, ranar da ruwa ya taɓa shi sai ya ƙyanƙyashe. Shi ya sa zubar da ruwa kaɗai bai isa ba, sai an goge bango.

Akwai kuma wani baƙon sauron masassara da ya fito daga ƙasashen Asiya. An fara ganinsa a Afirka a ƙasar Jibuti a 2012, an same shi a Najeriya a 2020. Wurin da ya fi so shi ne tankin siminti da gangunan ruwa na cikin gari.

Na uku, in daga tafki ko magudanar ban ruwa ake cika tanki, ƙananan katantanwa suna iya shiga. Cikin jikinsu ƙwayar tsargiya ke girma. Tana fita cikin ruwa, ta huda fatar mai wanka, daga baya yaro ya riƙa fitsarin jini. Tsargiya cuta ce, ba alamar balaga ba ce, kuma akwai maganinta a gidan likita.

Babban wanki na kaka

Wannan aiki na yini guda ne, ana yinsa sau ɗaya kafin a fara ban ruwa.

1. A kwashe ruwan duka. A zuba shi gindin itatuwa ko kan busasshiyar ƙasa inda zai tsotse da wuri. Kada a bar shi ya kwanta a wani rami, domin tsutsotsin za su ci gaba da girma a can.

2. A kwashe laka da ruɓaɓɓen ganye da shebur, a kai ramin taki. Abin da ke cuta cikin tanki, amfani ne a gona.

3. A goge bango da ƙasan tanki da buroshi mai ƙarfi ko guntun tsintsiya. A dage wajen kusurwoyi da layin da ruwa ya saba tsayawa, nan ne ƙwan sauro ke liƙe.

4. In tankin gida ne, a haɗa awo 1 na ruwan jabel da awo 10 na ruwa, a shafe bango da shi. A bari ya yi rabin awa, sannan a ɗauraye sosai. Kada a zuba wannan ɗauraya kan shuka.

5. A bar tanki buɗe cikin rana ya bushe ƙarau, yini ɗaya ko biyu.

Ruwan jabel yana son hattara. Ba a haɗa shi da wani maganin wanki ko ruwan batir, domin yana fitar da iska mai guba. Ba a zuba shi cikin kwalbar lemo, kada yaro ya ɗauka abin sha ne. In ya shiga ido, a wanke da ruwa mai yawa nan take.

Tsaga tana shan ruwa a ɓoye

Da tanki ya bushe, a bi bango da ido da hannu, a nemi tsaga. Saiwar itace da motsin ƙasa bayan damana su ke yawan tsaga siminti.

Bari mu yi ɗan lissafi. Tanki mai tsawon mita 2, faɗin mita 1, zurfin mita 1, yana cin lita 2000. Wato jarka 100 mai lita 20. In ruwan wannan tanki ya sauka da santimita 1, an rasa lita 20, jarka guda ke nan. In yana sauka da santimita 5 kowane dare, an rasa jarka 5. A wata ɗaya jarka 150 sun tafi ƙasa. Mai jan guga ya san wahalarsu a kafaɗarsa, mai injin ban ruwa ya san kuɗinsu a wajen mai.

Rana da iska su ma suna shan ruwa. To, yaya za mu gane ko tsaga ce? A cika bokiti da ruwa, a aje shi kusa da tanki. A yi alama da gawayi inda ruwa ya tsaya cikin bokiti, a yi wata cikin tanki. Kada a ɗebi ruwa har gobe war haka. In sun sauka daidai, aikin rana ne. In na tanki ya fi sauka, akwai tsaga.

Ga yadda ake ɗinke ta. A ɗan buɗe bakin tsagar da kurfi ko tsohuwar wuƙa, a share ƙura, a jiƙa wurin. A kwaɓa awo 1 na siminti da awo 2 na tankaɗaɗɗen yashi mai tsabta, a cusa sosai, a lailaye. A rufe da jiƙaƙƙen buhu, a riƙa yayyafa ruwa safe da yamma har kwana 7. Simintin da ya bushe da gaggawa ba ya ƙarfi. In tsagar ta ratsa bango daga sama har ƙasa, aikin magini ne.

Murfi ya fi kowane magani

Tankin da ke rufe, ganye ba ya shiga. Hasken rana ba ya shiga, saboda haka gansakuka ba ta yaɗuwa. Sauro ba ya samun wurin zuba ƙwai. Iskar hunturu ba ta shanye ruwa.

Ana yin murfi da katako, ko kwanon rufi da aka kafa kan katako. Sai ya zauna daram, ba kafa, domin ƴar ƙaramar ƙofa ta ishi sauro. Inda tiyo ke shiga, a ɗaure da ƙyalle ko raga. Zana da leda suna tare ganye, amma ba su ɗaukar nauyin yaro. Ledar da ta lotsa ma tana tara ruwa a kanta.

Aikin kowane mako

Mun ga sauro yana bukatar aƙalla mako guda cikin ruwa. Ashe in muna katse shi kowane kwana 7, ba zai kai ga tashi ba. Mu zaɓi rana guda da ba za mu manta ba, kamar ranar kasuwar garinmu.

A wannan rana, mai lambu ya yi ban ruwa har tanki ya ƙare ƙaf, ya goge bango, ya bar shi ya sha rana kafin ya sake cikawa. Mai tankin gida ya tsame ganye, ya yi gwajin farin kwano, ya duba murfi. A gyara kewayen tanki kuma: a cike ramukan da ruwa ke kwanciya da tsakuwa ko yashi, a ja ƴar hanya zuwa gindin itace.

In tanki babba ne, ba ya kwasuwa kuma ba ya rufuwa, ana iya sa ƙananan kifi irin karfasa, suna cin tsutsotsin sauro. Kada a zuba baƙin mai ko maganin ƙwari. Kada a wanke abin feshi cikin tanki. Wannan ruwa zai je kan salati da tumatir, dabbobi kuma za su sha.

Wasu daga cikinmu suna aikin gadi ko lambu a Yamai, cikin otal ko manyan gidaje masu tankin iyo. Dokar ɗaya ce. A tsame ganye kullum, a kunna injin tace ruwa kowace rana, a sa maganin kulorin bisa awon da aka nuna. In mai gida ya yi tafiya aka kashe inji, cikin ƴan kwanaki ruwa zai yi kore, sauronsa ya addabi unguwa duka.

Ruwan tanki da ruwan sha

Ruwa yana iya yin garau alhali yana ɗauke da ƙwayoyin zawo. Ruwan buɗaɗɗen tanki na ban ruwa ne da wanki. In dole ta sa za a sha, a tace shi da ƙyalle mai tsabta, sannan a tafasa, ko a sa ƙwayar tsabtace ruwa irin Aquatabs. A bi awon da aka rubuta jikin takardar, a jira minti 30 kafin a sha. A keɓe guga ɗaya mai tsabta don ɗiba, a rataye shi, kada a aje shi ƙasa.

Kada mu raina wannan ƙaramin aiki. Manyanmu sun san kurkunu, cutar da ke kwantar da manomi tsakiyar damana. Tace ruwa da gina rijiyoyi masu kyau suka kore ta, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar a 2013 cewa Nijar ta rabu da ita.

Mu tsare yara

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum wajen 300,000 suka mutu ta hanyar nutsewa a duniya a shekarar 2021. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne da ba su kai shekara 5 ba. Kan ƙaramin yaro yana da nauyi. In ya leƙa, sai kan ya rinjaye shi. Ruwan da bai kai taki ɗaya ba ya isa ya kashe shi, kuma ba a jin kukansa.

Da kaka uwaye suna gona ko wajen sussuka, ana barin ƙanana hannun yayyensu. Saboda haka murfi ya kasance mai nauyi, wanda yaro ba ya iya ɗagawa. In tankin daidai yake da ƙasa, a kewaye shi da shinge mai ƙyaure. A kawar da turmi, bulo da kujera daga gindinsa. Tankin da ba a aiki da shi, a huda gindinsa ko a cike shi da ƙasa.

In tsautsayi ya faru, a fito da yaro nan da nan, a kwantar da shi rigingine, a kira jama'a. Kada a rataye shi kai ƙasa, kada a danna masa ciki. In ba ya numfashi, a ɗan ɗaga haɓarsa, a hura masa iska a baki sau 5. In bai motsa ba, a danna tsakiyar ƙirji sau 30, a hura sau 2, a yi ta maimaitawa. Ko ya farfaɗo, a kai shi gidan likita a ranar.

Gyaran tanki ba ya hana mu kwana cikin sange, wato gidan sauro. Yaron da jikinsa ya yi zafi kuma a kai shi gidan likita tun ranar farko.

Ƴan uwa manoma da matan gida, Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Sauron tankin maƙwabci ba ya tsayawa a bakin zana, saboda haka aikin na unguwa ne duka. Wanda ya karanta wannan shafi ya karanta wa wanda bai iya ba tukuna. Mu tsai da rana guda cikin wannan mako, mu wanke, mu ɗinke, mu rufe, sannan mu shiga noman rani da ƙarfinmu.