Kile mai awo: yadda za ka zaɓe shi don gyaran moto

Yau moto ta shiga kowane gari. Da ita ake kai mara lafiya likita, da ita ake kai buhun hatsi kasuwa. Amma motoci da yawa ba hanya ke kashe su ba, hannun mai gyara ne.

Ga abin da ke faruwa. Injin moto na alminiyon ne, ƙarfe mai taushi. Buji da bulon kuwa na ƙarfe mai tauri ne. In mai gyara ya ɗaure buji da ƙarfin tsiya, sai zaren inji ya ci. Daga nan buji ba ya kamawa, sai a kwance kan inji a kai birni. In kuma bai ɗaure sosai ba, bulon ya kwance a hanya. Ku tuna da bulon na ƙasan inji, wanda ake kwancewa wajen canjin baƙin mai. In ya faɗi a daji, mai ya tsiyaye, inji ya ƙone.

Akwai kile da ke maganin wannan. A kanti ana ce masa kile dinamometirik. Mu dai mu ce kile mai awo. Yana da lambobi a jikinsa. Kana murɗa mariƙinsa har lambar da kake so. In ɗauri ya kai, sai ka ji ƙas! a hannunka. Nan za ka tsaya, kada ka ƙara.

Awon nan ana rubuta shi Nm. Kowane bulon yana da nasa, kuma an rubuta shi cikin littafin da ke zuwa da moto. Ƙaramin buji yana son 10 zuwa 12. Bulon na baƙin mai yana son kamar 20 zuwa 25. Babban bulon na ƙafar baya ya kan wuce 50.

To, wane za ka saya? Abu na farko, duba lambobin. Kilen nan ba ya faɗin gaskiya a ƙasan awonsa. Wanda ya kai 200 na mota ne, ba zai auna maka 12 daidai ba. Mai moto ya nemi wanda ya tashi daga 10 zuwa 60. Shi ke yin galibin aiki. Mai gareji ya ƙara da babba saboda ƙafa.

Lura kuma, wasu kile suna da layi biyu na lambobi. Ɗaya Nm, ɗaya awon Ingila da Amurka. Ba ɗaya suke ba: 10 na Ingila ya fi 13 na Nm. Wanda ya ruɗe ya kashe buji. Ni dai ban yarda da kilen da aka shafa wa lambobi da fenti ba, gara wanda aka sassaƙa su a ƙarfe. Na kirki yana zuwa da takarda mai nuna kuskurensa bai wuce 4 cikin 100 ba.

Kada ka biya kuɗi sai ka gwada. Gwajin ba wuya, lissafi ne irin na makarantarmu. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Cika jarka mai lita 5. Sa kan kilen a bulon na ƙafar mota wanda ya ɗauru sosai, mariƙi a kwance. Auna daga kan kile zuwa tsakiyar mariƙi. A ce ka sami santimita 30. Yi 5 sau 30, ka raba da 10: 15 ke nan. Sa kile a 13, rataya jarka a tsakiyar mariƙi a hankali. Ya kamata ya yi ƙas. Sa shi a 17, ka sake ratayawa. Bai kamata ya yi ba. In ya saɓa, mayar wa mai kanti abinsa.

Kilen yana da tsada ga mutum ɗaya. Ƴan kabu-kabu na gari ɗaya suna iya haɗa kuɗi su sayi guda, a ajiye wurin mai gyara. Wanda ya riƙe shi kada ya kwance bulon da shi, kada ya yi guduma da shi. Bayan aiki ya mayar da lamba ƙasa, ya sa shi cikin akwatinsa saboda rairayi. A sake gwajin jarka sau ɗaya a shekara, ko duk ranar da ya faɗi ƙasa.