Cauda: Abincin Masuntan Amurka da Ya Kai Har Zauren Majalisa

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda waɗanda data ba ta bari sun saurara ba, da waɗanda dama sun fi son karantawa.

Yau kicin za mu shiga, amma kicin ɗin yana can arewa maso gabashin Amurka, a yankin New England. Jihohi shida ne, biyar daga cikinsu suna bakin Tekun Atlantika, kuma wuri ne mai tsananin sanyi. Abincin da aka fi saninsu da shi sunansa cauda. Masu bibiyar bidiyon girke-girke wataƙila kun taɓa ganinsa: wani farin abu mai kauri a kwano, yana tururi, ana sha da cokali.

To mene ne shi? Ku ɗauka yana tsakanin farfesu da fate. Ya fi farfesu kauri, bai kai fate ba. Akwai dankalin turawa a ciki, da albasa, da kifi ko wani naman teku, da madara. Ba miya ba ce da za a nemo mata tuwo, kwano ɗaya da ɗan burodi ko biskit mara zaƙi ya ishi mutum.

Asalinsa abincin masunta ne da ma'aikatan jiragen ruwa. Da yawa daga masana harshe suna danganta sunan da wata kalmar Faransanci mai nufin babbar tukunya. A 1751 wata jarida a birnin Boston ta buga yadda ake dafa shi, kuma a waƙe aka rubuta bayanin. A wancan lokacin babu madara, babu dankali. Abin da ake iya ajiyewa a jirgi shi ake zubawa: nama mai gishiri, albasa, busasshen biskit mai taurin tsiya, sai kifin da aka kama ranar. A jera su hawa-hawa a tukunya, a zuba ruwa, biskit ɗin ya jiƙe ya ba da kauri. Sai a ƙarni na 19 madara da dankali suka zama 'yan gida. Ya shahara har marubuci Herman Melville ya ba shi babi guda a littafinsa Moby-Dick na 1851.

Yanzu iri-iri ne, amma uku aka fi ambata, kuma dukkansu da kilam ake yi. Kilam wata halitta ce ta bakin teku mai ɓawo biyu da ke buɗewa kamar littafi, naman cikin ake ci. Na New England fari ne saboda madara. Na Rhode Island ruwansa garau yake, ba madara. Na Manhattan kuwa ja ne, tumatir ake sa masa. Kuma wannan tumatir ɗin fa ba ƙaramar rigima ya jawo ba. A 1939 wani ɗan majalisar jihar Maine mai suna Cleveland Sleeper ya kawo ƙudurin haramta sa tumatir a cauda. Ƙudurin bai zama doka ba, amma kun dai ga inda son abinci yake kai mutane. Bayan waɗannan akwai na kifi zalla, na masara, har da na kaza.

Kafin mu ɗora tukunya, akwai abin da ya kamata ku sani. A girkin gargajiya na can, da naman alade mai gishiri ake fara suya, don a samu mai da ɗanɗano. Saboda haka duk wanda ya tsinci kansa a gidan abinci a Amurka, kada ya ga an rubuta kifi ya saki jiki. Ya tambaya tukuna. A gida kuwa abin da sauƙi: man shanu ko bota zai maye gurbin man, ɗan kifi banda kuma ya kawo ƙanshin hayaƙi. Wannan ba sabon abu ba ne, domin mutanen garin Cullen a Sikotland da kyafaffen kifi da dankali da albasa da madara suke yin nasu mai kama da wannan.

To ga yadda ake yi, na mutum huɗu zuwa biyar. Ku tanadi man shanu cokali 3, albasa manya 2, dankalin turawa kamar giram 700, farin kifi mai tsoka shi ma giram 700, romon kifi kofi 4, da madara kofi ɗaya da rabi. A can kifin kwad suka fi amfani da shi. A nan giwan ruwa zai yi, karfasa ma za ta yi idan an cire ƙaya tsaf. Kai da ƙashin kifin kada a zubar, su za a tafasa minti 20 a tace, shi ne romon.

Da farko a narka man a wuta kaɗan, a zuba albasa ta yi laushi. Kada a bari ta yi ja, don za ta ɓata farin. Sai dankali, a yanka shi falle-falle, a zuba romo ya ɗan rufe shi, a sa gishiri da masoro, a ƙara wuta ya tafasa sosai kamar minti 10. A nan kaurin yake fitowa. Tafasar tana sa gefen dankalin ya saki sitaci cikin ruwan. In bai yi muku kauri ba, ku danne 'yan guntaye a jikin tukunya da bayan ludayi. Ba sai an sa fulawa ba.

Daga nan sai a rage wuta, a jera kifin manya-manya a sama. Minti 5 ya isa. A kashe wuta, a rufe, zafin tukunyar zai ƙarasa shi cikin minti 10. Masu yawan juya abinci, a nan ku riƙe hannunku, in ba haka ba kifin zai dagargaje ya zama fate.

Madara ce ta ƙarshe, kuma a nan mutane da yawa suke asarar kayan da suka kashe wa kuɗi. Madara ba ta son abu biyu: tafasa da tsami. Idan ɗaya ya same ta sai ta tsinke, ku ga gudaji-gudaji suna yawo a saman ruwa. Shi ya sa ake zuba ta bayan an sauke, kuma ba a haɗa ta da lemun tsami ko tumatir. Madarar gwangwani ta ruwa, mara sukari, ta fi jure zafi, kuma gidaje da yawa a Maine da ita suke yi.

Saura haƙuri. Cauda ya fi daɗi idan ya huta kamar awa ɗaya, ɗanɗanon ya shiga juna, wasu ma sai ya kwana a firij. Amma ku tuna kifi ne da madara, garinmu kuma da zafi. In babu tabbacin wuta, a dafa daidai ci, a cinye a ranar. Wajen ɗumamawa kuma wuta kaɗan, kada ya tafasa.

Wani zai ce, abinci ɗaya har sai an rubuta masa littafi? An rubuta kuwa. Jasper White, fitaccen mai dafa abinci na Boston, ya fitar da littafi mai suna 50 Chowders a shekarar 2000, girki hamsin duk na cauda. Dabarar samun kauri daga dankali da ta barin tukunya ta huta suna cikin abubuwan da ya nanata. Abin da ke jan mutane ga irin wannan littafin shi ne, bidiyon minti ɗaya zai nuna maka hannu yana zuba kaya, amma ba zai tsaya ya gaya maka dalilin da ya sa kifi yake jiran dankali ba, ko abin da zai faru in madara ta riga su shiga. Littafin da ya tsaya kan abinci ɗaya yana maimaita maka tsari guda har ya zauna a kanka: mai, albasa, dankali da romo, abin da ake so a ci, sannan madara. Ranar da masara ta yi araha sai ka yi na masara. Ranar da ragowar kaza ce a gida, ita ma ta shiga. Dama haka masuntan suka fara, da abin da ke hannu.

Lokacin hunturu ya fi dacewa da gwada shi. Wanda ya gwada ya faɗa mana da wane kifi ya yi, kuma madarar ta zauna lafiya ko ta tsinke. A nan za mu dasa aya, sai mun haɗu a shiri na gaba. Mu kasance lafiya.