Yamai da Abincin Bakin Teku: Me Maki Ya Kawo, Me Ya Ɗauke?

Idan ka tashi daga Lazare da la'asar sakaliya ka gangara wajen kogi, hanci ne ke riga ido ganin gari. Daga gefen kasuwar dabbobi ta Turaku hayaƙin masu balangu ke tarbarka, cinyar rago na rataye, kitse na ɗiga a garwashi. Ka ɗan matsa gaba, sai ƙamshin ayaba cikin tafasasshen mai, wata mata ta tara aceke a babban faranti, ta jera soyayyen kifi a kai, yarinyarta na yanka albasa da tattasai. Wani ɗan kabu-kabu ya tsaya ko injin bai kashe ba: "Inna, a sa mini na dala ɗari, a ƙara yaji." Kafin ka isa Kornish ta Yantala ko ta Gamkale, ka wuce irin waɗannan wurare fiye da yadda za ka iya ƙirgawa, wasu benci biyu ne da fitila, wasu kujerun roba ne da talabijin da kiɗa.

Nijar ba ta da teku. Kwatano, tashar jiragen ruwan da ƙasar ta daɗe tana dogaro da ita, ta fi kilomita 1,000 daga Yamai. Amma yadda mutanen birnin ke cin abinci a waje yau, da sunan wurin cin kansa, daga bakin teku suka zo. Kalmar maki daga Abijan ta taso, inda take nufin gidan abinci marar tsada a fili, mai gasasshen kifi da kaza da abin sha mai sanyi. Aceke da aloko, wato soyayyar ayabar nan, ma abincin Kodebuwa ne. A watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sanya fasahar haɗa aceke cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a adana, da sunan waccan ƙasa.

Hanyar da abin ya biyo tsohuwa ce, hanyar ci-rani. Tun zamanin mulkin mallaka samarin Zabarmawa da Hausawa ke tafiya kurmi bayan girbi, su nufi Kumasi, Lome, Kwatano da Abijan. Tafiyar da Jean Rouch ya ɗauka a fim ɗinsa Jaguar ke nan a shekarun 1950. Kuma ba karɓa kawai muka yi ba. Abincin talaka da ya fi shahara a Abijan, aceke da soyayyen kifin tuna, sunansa garba, saboda 'yan Nijar ne suka yi fice wajen sayar da shi, Garba kuwa suna ne da ya yawaita a cikinsu. Wanda ya shekara goma yana auna aceke a Abijan, in ya dawo gida, da sana'arsa yake dawowa. A ɗaya gefen kuma, matan Togo da Benin da suka zauna Yamai sun daɗe da buɗe tukwanensu.

Sai dai ci-rani ya girmi maki da shekaru masu yawa, don haka ba shi kaɗai ba ne dalili. Babban dalili, a ganina, shi ne birnin ya yi wa tukunyar gida nisa. An mai da Yamai babban birni a 1926 bayan Damagaram. Lokacin samun 'yancin kai a 1960 mutanenta ba su wuce kimanin 30,000 ba. Ƙidayar 2012 ta same su sun haura miliyan ɗaya. Lazare kanta shaida ce. A farin 1973 zuwa 1974 sansani ne a bayan gari, inda aka tsugunar da dubban makiyayan da dabbobinsu suka ƙare. Yau tsakiyar gari ce, Kwara Tegi da sauran sababbin unguwanni sun wuce ta sun yi arewa. Ma'aikacin da ke kwana can, yana aiki a unguwar Filato, ba zai biya kuɗin mota sau huɗu a yini don ya ci tuwon rana a gida ba, balle da aka koma tsarin aiki a miƙe, hutun rana ɗan taƙaitacce ne. Haka ɗalibin jami'ar Abdou Moumouni da ke Harobanda, haka lebura, haka ɗan taksi. Dukkansu ciki ne ke fito da su, ba nishaɗi ba.

A ɓangaren masu dafawa kuma, talauci ne ya buɗe ƙofa. Bayan karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994, ga bashin albashi na watanni da ma'aikatan gwamnati suka sha a shekarun nan, gidaje da yawa sun rayu ne da abin da uwar gida ta sayar a ƙofar gida. Jarin kaɗan ne: murhu, kasko, benci, da jika 'yan kaɗan na cefane. Har yau sana'ar ita ce mafakar bazawara da marainiya da saurayin da ya gama karatu bai samu aiki ba.

Zafi ma ya taimaka. A watan Afrilu da Mayu, ma'auni na haura digiri 40, ɗaki ba ya shiguwa sai dare ya raba, wuta kuma a kawo a ɗauke. Kowa waje yake nema. Samarin da suka saba zaman fada da butar shayi, in aljihu ya ɗan yi nauyi sai su nufi inda ake kallon ƙwallo da injin wuta, ko su gangara bakin kogi inda iska ke kaɗawa. Barandar Grand Hôtel ta yi suna tun da daɗewa da tsire da kallon faɗuwar rana a bayan gadar Kennedy, wadda aka buɗe a 1970. Abin da ya faru daga baya shi ne mai ƙaramin ƙarfi ma ya nemi nasa rabon wannan iska, ƙananan wurare suka jeru a gaɓa. Na sama kuwa, masu teburi da farin ƙyalle, kuɗin baƙi ne ya raya su: ma'aikatan ƙungiyoyin agaji, sojojin ƙasashen waje, da baƙin taruka irin na Tarayyar Afirka da aka yi a Yulin 2019.

Amfanin ba a ɓoye yake ba. Faranti guda na ratsa hannu da yawa kafin ya iso gabanka: mahaucin Turaku, mai lambun da ke ban ruwa a bakin kogi, mai gawayi, mai ƙanƙara, ɗan garuwa, yaron da ke wanke kwanuka. Babu wata masana'anta a birnin da na sani tana ciyar da gidaje masu yawa haka da jari ƙarami haka.

Raunin kuwa sai a 2023 ya fito fili. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, ƙungiyar CEDEAO ta rufe iyakoki, Najeriya ta yanke wuta. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, amma Nijar ta bar iyakarta da Benin a rufe, manyan motoci suka koma zagayowa daga Lome ta Burkina Faso, da rakiyar soja, tafiyar da ta fi tsawo da tsada. A nan aka gane cewa kifin da yawancin masu aceke ke soyawa bai taɓa ganin kogin Isa ba. Kifin teku ne, daskararre, a kwali yake zuwa. Ayabar ma daga kudu take, haka manja, haka mafi yawan shinkafa. Na zauna wata maraice a wurin wata mata a unguwarmu, na ga tana raba kifi gida uku, wanda da biyu take raba shi. Ba ta ƙara kuɗi ba, domin ta san aljihun masu zuwa. Yankan ne ya ƙanƙance. Ga firiji babu wuta, abin da bai sayu ba yau gobe asara ne. Manyan gidajen abinci su ma sun ji a jika da sojojin Faransa suka fice a Disambar 2023, na Amurka suka bi baya a 2024.

Wanda bai girgiza sosai ba shi ne mai balangu da mai kilishi da mai dambu da zogale, saboda kayansu daga ƙasar nan suke fitowa. Ga abin da ya fi damuna a duk lamarin. Muna zaune a bakin kogin da ya fi kowanne girma a Afirka ta Yamma, amma giwan ruwa ya zama abincin masu hali, talaka kuma na jiran kifi daga tekun da bai taɓa gani ba. Sarkawa sun daɗe suna kukan raguwar kamu. Yashi na cike kogin, ciyawar ruwa na shaƙe shi, ƙazantar gari na kwarara cikinsa ta kwarin Gunti Yena. A 1985 ya taɓa tsayawa da gudu a daidai Yamai. Su kansu wuraren shaƙatawar na ƙara masa ciwo: dokar 2014 ta hana baƙar leda, amma duk wanda ya bi gaɓa da safe zai ga ledoji da robobin daren jiya suna jiran ruwa ya kwashe su.

Kogin kuma yana rama gayya. A Satumbar 2020 ya kai tsayin da ba a taɓa aunawa ba, wajen mita bakwai, ya ɓalle ya shiga Lamorde da Kirkisoy da Saga. Wanda ya kafa rumfa a hanyar ruwa, kujeru da firiji da jarinsa duka suka tafi, kuma ba shi da takardar da zai nuna wa kowa. Rashin takarda ciwo ne a tudu ma. A 2016, da aka rushe shaguna da rumfunan bakin manyan tituna da sunan ƙawata birni, masu abinci na cikin waɗanda suka wayi gari babu wurin sana'a. Ana karɓar harajin kasuwa a hannunsu kullum, amma ba a ware musu wuri mai famfo da magudana ba. Sannan a zo ana zargin su da ƙazanta. Matar da ke sayen ruwa a jarka, dole ta yi tsumulmular na wanke kwano.

Maganar giya ita ce mafi zafi. A Abijan maki da kwalba ba sa rabuwa. A Yamai, birnin da kusan kowa Musulmi ne, abin ya rabu gida biyu. Yawancin wuraren abinci lemo da zoɓo da shayi kawai suke sayarwa, mashaya kuma ta koma bayan katanga ko zana. Ni ba na sha, kuma na san abin da maƙwabtan mashaya ke ji: kiɗa har asuba, faɗa a bakin ƙofa, da 'yan mata ƙanana da ake ɗauka hidima alhali makaranta ya kamata su kasance. Waɗannan koke-koke na gaskiya ne, kuma akwai hukumar da ke ba da lasisi, ita ya kamata ta duba tazara daga makaranta da masallaci, da lokacin rufewa, da shekarun ma'aikata. Abin da ban yarda da shi ba shi ne abin da muka gani ranakun 16 da 17 ga Janairun 2015 a Damagaram da Yamai, lokacin zanga-zangar zanen ɓatanci na jaridar Charlie Hebdo, aka ƙona majami'u da mashayu, mutum goma suka rasu. Waɗanda aka ƙona wa dukiya maƙwabta ne, babu hannunsu a wani zane na Paris.

Akwai kuma asarar da ba a cika ambata ba. Duk inda aka kewaye gaɓa aka jera kujeru, an rage wurin da mai wanki zai shanya, da inda masunci zai ɗaure kwalekwale, da inda yaro zai zauna ya kalli ruwa ba tare da ya sayi kome ba. A gida ma, maigidan da ya ƙoshi da tsire a waje, sau da yawa da kuɗin cefanen iyali ya ƙoshi.

Matar nan ta unguwarmu har yanzu tana nan. Ta rage aceke, rabin farantin yanzu dambu ne da zogale da ƙuli-ƙuli, in ta samu tarwaɗa da sauƙi a wajen masunta takan kyafe ta ta ajiye, domin ita ba ta bukatar firiji. 'Yan kabu-kabun da suka saba tsayawa ba su daina ba.